Bayan wata uku: godiyata ga waɗanda suka riƙe ni

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdulillahi, jiya da hantsi na karɓo sakamakon gwajina na HIV na ƙarshe, babu komai a jinina. Wata uku ke nan cif ina fama da wani abu a rai wanda waɗanda suka san da shi ba su kai goma ba. Masu cewa na yi wuyar gani, da waɗanda suka kira ban ɗaga ba, da ƙawar da na ƙi zuwa bikinta bayan ƙaramar Sallah ba wani uzuri mai kama hankali, yau ga dalili, ku yafe min. Sai da na nemi izinin iyayena kafin in rubuta wannan. Ba zan kama sunan kowa ba, haka asibitin, kowa ya san kansa.

Saura kwana tara a ɗauki azumi abin ya faru. Muna aji biyar a karatun likita, an tura rukuninmu ɓangaren mata da haihuwa, ranar kuma ni ke da kwana. Ga wanda bai sani ba, ɗalibi ba ya shiga jarrabawar wannan ɓangare sai ya cika littafinsa da sa hannu: haihuwa kaza ka kalla, kaza ka karɓa da hannunka, tiyata kaza ka tsaya. Shi ya sa muke kwana a can kamar masu gadi. Wajen ƙarfe biyu na dare aka shigo da wata baiwar Allah a adaidaita sahu, zaninta sharkaf. Ta haihu a gida tun bayan isha'i, jini ya ɓalle, ba ta kuma taɓa zuwa awo ba. Likita ya ce a sa mata kanula biyu, robar ƙarin ruwa da jini ta jijiya, a ɗebi jini a kai lab a nemo wanda za a ƙara mata. Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Da fitilar waya na sami jijiya na ja jinin. Na waiga, akwatin kwalin nan mai ruwan ɗorawa da ake jefa allura yana can ƙarshen ɗaki. Sai na yi abin da tun aji huɗu ake ja mana kunne a kansa, na ɗauki murfi da hannun hagu zan mayar wa allurar. Ta goce, ta huda safar hannu, ta shige babban yatsana.

Ba zan ɗora wa wuta laifi ba. Garaje ne da ganin na iya.

Godiyata ta farko ga Sistar da ke kan aiki a daren. Duk 'yan ajinmu shakkarta muke yi, don ba ta sa hannu a littafin kowa sai ta ga ya wanke kayan aikin da ya ɓata. Niyyata in cire safar in sa wata in ja bakina, saboda kunya da tsoron faɗa. Ashe ta gani. Ta miƙa wa wata nas abin da ke hannunta, ta ja ni bakin famfo, ba ruwa, ta ɗauko buta da sabulu tana zuba min. Na kai hannu zan matse wurin ta doke shi. "Wa ya koya miki? Ba a matsewa, ba a tsotsa, ba a zuba bilic. Wanke kawai." Ta rubuta rahoto, ta sa aka ɗebi jinina. Da matar ta ɗan farfaɗo aka nemi izininta aka yi mata gwajin HIV, layi biyu suka fito, alamar tana ɗauke da ita. Aka sake da wani gwajin, bai canza ba. Sista da ƙafarta ta je ta buga ƙofar ɗakin magani, ana kiran assalatu na haɗiyi ƙwayar farko. Maganin kariyar nan da ake kira PEP, in an wuce awa 72 ba a fara ba ya tashi aiki, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Da na bi son zuciyata na ɓoye, Allah kaɗai Ya san ranar da zan buɗe baki. A daren ko kalma ɗaya ta faɗa ba ta yi min ba. Sai da mako ya zagayo ta kira ni ofis ta yi min wankin babban bargo, ban kuma ga laifinta ba. Sista, Allah Ya jiƙan mahaifa, Ya raya miki zuri'a.

Abin da ya ba ni mamaki da kaina shi ne duk lissafin na san shi. In allurar da ta taɓa jinin mai ɗauke da HIV ta soki mutum, kusan uku ne cikin 1,000 ke kamuwa, magani kuma yana ƙara rage wannan sosai. Na taɓa rubuta haka a jarrabawa na ci maki. Amma in dare ya raba, 997 ɗin nan ba sa leƙo ni, ukun ne ke zuwa su zauna min a bakin gado. Na kuma san abubuwan da ke ƙara haɗari, allura mai rami, wadda ta fito daga jijiya kai tsaye, da mara lafiyar da ba ta fara shan magani ba, duk kuwa na haɗa. Wanzami dai ba ya son jarfa. Wani abin kunyar, rigakafin ciwon hanta nau'in B allura uku ce, na yi biyu na share ta ukun, alhali shi ya fi saurin kama mutum ta wannan hanya, yana iya kaiwa 30 cikin 100. Allah Ya rufa asiri matar ba ta da shi.

Maganin ƙwaya ɗaya ce a rana mai haɗe da tenofovir da lamivudine da dolutegravir, kwana 28 ba fashi. Makon farko tashin zuciya da ciwon kai suka sa ni gaba, barci ya ƙaurace, ga azumi ya shigo da zafinsa. Da yake da asuba na fara sha, lokacin ya faɗa daidai sahur. Na gode wa mai ba da maganin da ya zaunar da ni ya ce in riƙa shan ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da sahur saboda ƙoda, kada kuma in haɗa shi lokaci ɗaya da ƙwayar ƙarin jini ko maganin gyambon ciki na ruwa, don suna hana shi shiga jiki.

'Yar ɗakinmu Kirista ce daga kudancin Kaduna, azumin bai hau kanta ba. Amma kwana goma sha tara ita ke riga ni tashi, ta dama kunu, ta tsaya a kaina har in haɗiye, sannan ta ja layi ɗaya da biro a bayan ƙofa. Layukan suna nan, 28 cif, na hana a goge. 'Yar uwa, ban san da bakin da zan gode miki ba.

Robar maganin tana da wata ƙara in an girgiza ta, duk wanda ya yi aiki a asibiti ya san ta. Sai na tsinci kaina ina cusa auduga a ciki don kada wani ya ji a jakata. Ni da na sha yi wa mata faɗa don sun ɓare takardar jikin roba ko sun juye ƙwayoyin a gwangwanin madara saboda kishiya ko uwar miji.

Amma abin da ya zaunar da ni rubutun nan a kilinik ɗin masu HIV ya faru. Can baya yake, duk wanda ya gan ka ka nufi lungun ya san inda za ka. Ranar da zan je bibiya sai na zumbula farar riga, na rataya abin sauraron ƙirji a wuya, na tsaya gefe da fayil a hannu kamar wadda aka aiko. Akwai wata Mama mai ba da shawara a wurin, ita ma tana kan magani sama da shekara goma sha biyar, 'ya'yanta kuma duk lafiya lau, da bakinta take gaya wa kowa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "'Yata, aiki kika zo ko ganin likita?" Na ce ganin likita. Ta ce, "To cire rigar ki zauna, bencin ba ya cizo."

Awa biyu na yi a bencin nan. Kusa da ni wata ce da niƙabi, ta ce min a nan kaɗai take sa shi. Wani dattijo ya yi tafiyar awa uku a mota alhali akwai wurin karɓar magani a garinsu, gudun kada ya haɗu da idon sani. Wasu mata kuwa hira suke ta sha suna shewa, ɗaya na tallar turaren wuta, wata na ƙorafin kuɗin mota, don maganin kyauta ne amma hanyar ba kyauta ba ce. A aji an gaya mana binciken 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da cutar a Najeriya, na haddace na wuce. Ban taɓa zama kafaɗa da kafaɗa da ko ɗaya ba. Mu abin da muka iya shi ne rubuta RVD a fayil, laƙabin da muke sakaya sunan cutar da shi, mu rage murya in an zo gadonsu wajen zagaye. Na tuna ranar da na sa safar hannu biyu a gaban wata mata, ba jini zan ɗiba ba, bugun jijiyarta kawai zan ji. Ta kalli hannuna, ta kalle ni, ba ta ce uffan ba. Sai a bencin nan na gane me kallon yake nufi. Mama, Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

A makon bayan Sallah na koma gwajin mako shida. Ina zaune sai ga matar nan da goyo, ta kawo jaririn nasa gwajin, don shi ma a mako shida ake yi. Ita ta gane ni. Ta zo har gabana ta durƙusa ta ce, "Likita, an ce jinina ne ya taɓa ki. Wallahi ban san ina da shi ba. Ki yafe min." Ta ce duk kwana arba'in ɗin nan ba ta salla, amma bakinta bai daina yi min addu'a ba. Matar da a dare ɗaya ta leƙa lahira ta dawo, aka kuma gaya mata abin da za ta rayu da shi, ga ɗanyen goyo, ga abin da ke jiranta a gida, ita ce ke ɗauke da damuwata. Na ɗago ta na ce ni ba likita ba ce, 'yar koyo ce, kuma laifin nawa ne. Ta ce, "To Allah Ya sa ki gama lafiya." Ta kwanto yaron ta ba ni na riƙe. In uwa ba ta sami magani ba, yara 15 zuwa 45 cikin 100 na iya ɗauka, in kuma an bi magani yadda ya kamata abin na sauka ƙasa da biyar. Shi tun washegarin haihuwarsa aka fara ba shi nasa. Na san inda fayil ɗinsu yake, ban buɗe ba, don ba hurumina ba ne.

Umma ta yi kuka da na faɗa mata, har ta ce in haƙura da karatun nan in dawo gida. Kwana biyu sai ga saƙon dabino da garin kunun gyaɗa, ba a sake tayar da maganar ba. Abba tambaya biyu ya yi, nawa ne maganin, kwana nawa za a sha. Daga ranar, kullum kafin kiran salla wayata za ta yi ƙara: "Kin sha?" In ce na sha, ya kashe. Allah Ya ba ni ikon yi muku biyayya, Ya sa ku ci moriyar wahalarku.

Akwai kuma wani bawan Allah da magana ta yi nisa tsakanin gidajenmu. Na gaya masa tun makon farko, na ce in yana so a dakata ba zan ga laifinsa ba, tunda ko ba komai gwaji kafin aure ya zama doka a Kano tun 2024. Ya ce shi bai ji inda aka ce a dakata ba, sai dai in ni ce ke neman hanyar gudu. Iyakar abin da kunya za ta bar ni in faɗa ke nan.

'Yan rukuninmu da suka riƙa ɗaukar min tarihin marasa lafiya ranakun da na kasa tashi, na gode. Haka babban likitanmu, wanda ya tambaye ni adadin maganin magnesium sulphate da ake fara bai wa mai ciki mai jijjiga na tsaya ina zare ido. Giram 14 ne, huɗu a jijiya, goma a tsoka, ko a barci aka tashe ni na sani, ranar ne dai kan ba ya wurin. Mutumin da ya saba tsayar da ɗalibi ya yi masa tatas a gaban kowa, sai ya wuce ga na kusa da ni kamar bai ji ba. Ranka ya daɗe, na lura.

Sai Iya mai sharar ɗakin haihuwa, wadda ta ga ina kuka a bayan tankin ruwa ta zauna tana ba ni haƙuri. A cikin hirar take ce min ita ma sau biyu allura na soke ta a kwandon shara, ta sa gishiri ta ɗaure, ba ta san akwai wani magani ba. Allurar nan mu ne muke jefa ta inda bai kamata ba. Na raka ta an gwada ta, ta kuma fara rigakafin ciwon hanta. 'Yan ajin da ke ƙasa da mu masu shigowa asibiti bana, ku gama allurarku uku kafin ku taɓa sirinji, ku jawo akwatin kusa da gado tun kafin ku soka, in tsautsayi ya gifta kuma ku faɗa nan take, ko da wanda kuke tsoro ne ke kan aiki.

Ni dai na yi tawa ta ukun ranar Litinin. Yanzu muna ɓangaren yara, amma littafin haihuwa saura sa hannu huɗu, Sista kuma ta ce ba za ta ɗaga min ƙafa ba, don haka daren Asabar ina can. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa matar nan da ɗanta a addu'a. Jarrabawarmu saura mako bakwai, ita ma a taya mu.

Na gode, Allah Ya bar zumunci.