Na'urar da na cika wa tausayi

Wata takwas na yi ina yi wa rogo kallon kitse. Kullum na buɗe kwamfuta sai in ga layukan motsin hannun marasa lafiyarmu suna ƙara miƙewa, karkarwa tana raguwa, har na fara tunanin mujallar da zan aika wa sakamakon. Ashe ƙwazon injin nake aunawa.

Aikin digirina na uku ne, a kan hannun mutum-mutumi mai taya masu shanyewar ɓarin jiki atisaye. Neville Hogan da Hermano Igo Krebs ne suka share wannan hanya da na'urar MIT-Manus, wadda aka fara gwadawa a asibitin Burke da ke jihar New York cikin shekarun 1990. Majinyaci zai kama mariƙi ya kai ɗigo wani wuri a allo, in ya gaza na'ura ta ƙarasa masa. Amfaninta yawan maimaici ne. Wani bincike na 2009 ya ƙirga motsin hannu kusan 32 kacal a zaman atisaye na yau da kullum, ita kuwa na'ura tana kai mutum sama da 1,000 cikin awa guda.

Ranar farko aka zaunar da wani dattijo. Ya yi ta yunƙuri, gumi ya jiƙe masa wuyan riga, hannun ko gezau. Tausayi ya kama ni. Na ƙara wa injin ƙarfi, na rage daƙiƙun da yake jira kafin ya kawo ɗauki, da niyyar in mayar da saitin washegari. Ban mayar ba. A haka aka yi wa kowa.

Likitar fisiyo da muke aiki tare, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba, ta ja ni gefe tun wata na biyu. Ta ce, "Ƙanena, dubi fuskarsa. Hira yake yi da ni, hannun yana ta tafiya shi kaɗai." Na ce ai ƙwarewa ce. Har yau in na tuna wannan amsa sai in ji kamar in nutse.

Da ta zo ta auna marasa lafiyar da Fugl-Meyer, ma'aunin motsin masu shanyewar ɓarin jiki, mai maki 66 a ɓangaren hannu, ba tare da na'ura ba, kusan kowa yana nan inda muka same shi. A daren na buɗe fayil ɗin da ke ajiye ƙarfin da majinyaci ke sa wa mariƙi. Tun rana ta farko yake taruwa, ban taɓa leƙa shi ba, domin zanen da ke fitowa a allo ya fi daɗin kallo. Mako bayan mako ƙarfin nasu raguwa yake yi. Jiki ba ya son wahalar banza. Muddin ya samu mai ɗaukar masa kaya sai ya saki, ƙwaƙwalwa kuma ba ta koyon abin da ba ta wahala a kai ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, David Reinkensmeyer da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine sun daɗe da bayyana wannan saki da jiki ke yi. Maƙalarsu tana cikin babi na biyu na kundina. Na ambace ta, na ƙara mata lamba ɗaya a lissafin da ake auna tasirin malami da shi, alhali taƙaitawar da ke samanta kawai na karanta. Haka na yi wa gwajin asibitocin tsofaffin sojojin Amurka na 2010, mai mutum 127, inda na'ura ba ta fi atisaye mai tsanani na hannun likita ba, da gwajin RATULS na Birtaniya na 2019, mai mutum 770, inda ba ta fi kulawar da aka saba ba a babban ma'auninsu. Tun daga lokacin, in na ga an ce an ambaci malami sau dubu kaza, sai in ce a raina nawa ne irina a ciki.

Mai shirin irin wannan aiki, ka riƙa kashe injin a wasu zagaye na kowane zama, ka ga abin da hannun zai yi shi kaɗai. Kuma don Allah ka buɗe fayil ɗin ƙarfi tun makon farko.

Mun sake farawa, taimako sai in ya zama dole. Layukan suka koma karkatattu, babu kyan gani. Dattijon ya dube ni ya ce, "Ɗana, yau na'urar taka rowa take ji." Na ce, "Baba, haka za ta zauna." Ya harare ni, ya goge gumi da lafiyayyen hannunsa, ya sake jan mariƙin.