Wasiƙa daga Faransa: Ku riƙi littafin zane a aljihu

Zuwa ga 'yan'uwana na Garwa da Marwa da Ngaundare a Kamaru, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ina rubuto muku ne daga Clermont-Ferrand, wani birni a tsakiyar Faransa, inda nake karatun aikin ruwa da madatsai. Maganata a kan wani ɗan littafi ce marar layi, wanda yau shekara uku ke nan bai rabu da aljihuna ba, kuma ina so ƙannena 'yan makaranta da masu sana'ar hannu su ji abin da na samu a cikinsa.

A ɗakin lacca abin ya soma. Malaminmu yana bayanin yadda ake gina madatsa da ƙasa da duwatsu, yana magana da sauri, ni kuwa ina ƙoƙarin kwashe kowace kalma, sai in fito da shafi huɗu cike da rubutu amma bayanin bai zauna mini ba. Wata rana na zana madatsar kamar an tsaga ta gida biyu: laka mai danƙo a tsakiya wadda ke hana ruwa ratsawa, yashi da tsakuwa a gefenta, manyan duwatsu daga waje, ga kibiyoyi suna nuna inda ruwa ke dannawa. Ina zanawa ina tuna madatsar Lagdo da aka kammala a 1982 a kan Binuwai, wadda muka sha zuwa kallo ba tare da mun tambayi abin da ke cikinta ba. Tun daga ranar, duk taron da na halarta nakan sa jigon magana a tsakiyar shafi, in kewaye shi da ƙananan siffofi da 'yan kalmomi, in bar fili domin tambayoyin ƙarshe. Hannu ba ya kamo harshe a gudu, saboda haka dole mai zane ya zaɓi abin da ya fi nauyi a maganar, kuma wannan zaɓin shi ne fahimta. Masu bincike a Jami'ar Waterloo ta Kanada sun nuna a 2016 cewa waɗanda suka zana abin da kalma ke nufi sun fi tuna ta a kan waɗanda suka yi ta maimaita rubuta ta.

Daga baya littafin ya biyo ni kasuwa da tashar jirgin ƙasa da gaban babbar majami'ar garin, wadda aka gina da baƙin dutsen da tsauni ya amayar. Mutanen nan sun ɗauki zane da muhimmanci. Kowane watan Nuwamba masu littattafan zanen tafiye-tafiye suna taruwa a wannan birni su baje aikinsu, kuma tun 1954 doka ta hana 'yan jarida ɗaukar hoto a zaman kotu, shi ya sa har yau mai fensir ne ke nuna wa jama'a yadda shari'a ta gudana.

A irin wannan taro na masu littattafan zane ne wata dattijuwa ta duba littafina, ta ce in zana mata gidan da aka haife ni. Na kama fensir da ƙarfin gwiwa, sai na tsaya a ƙofar zaurenmu. Na shiga ta wannan ƙofa fiye da shekara ashirin, amma na kasa tuna ko samanta a miƙe yake ko a lanƙwashe, na kasa tuna yawan azarar da ke rufin, da ɓangaren da dakalin mahaifina yake fuskanta. Wayata cike take da hotunan biki da suna, babu ko ɗaya na zauren, kuma an riga an rushe shi an tayar da na siminti. Wannan abu ya tsaya mini a rai ƙwarai. Hoton waya daƙiƙa ɗaya yake ci, ido bai gama gani ba an wuce. Wanda ya zauna rabin sa'a yana zana bango kuwa, sai ya san kowace tsaga da ke jikinsa.

Kada wani ya ce wannan al'adar Turawa ce. Mu ne masu zayyana a allon sauka, mu ne masu aska takwas a gaban riga da dagi a bangon gida, kuma dukawan Marwa suna fitar da fasali a fata ba tare da ma'auni ba. Har fentin ruwan da nake saye a nan da ƙaro ake haɗa shi, ƙaron da Sudan da Chadi ke kan gaba wajen fitarwa, wanda almajiri ke zubawa a tawadarsa. Na san wasu za su yi tambaya a kan zana mai rai, kuma tambaya ce da ta cancanci a kai wa malamai. Ni dai mafi yawan shafukana gine-gine ne da itatuwa da kayan aiki, kuma waɗannan kaɗai sun ishi mutum aiki har tsufansa.

Biro da littafin makaranta sun wadatar a fara. Ku rubuta rana da wuri a ƙasan kowane shafi, kada ku yage wanda bai yi kyau ba, domin shi ne zai nuna muku inda hannu ya gyaru. Ku zana gadar Binuwai da kwale-kwalen masunta, da layin dalbejiya a titunan Marwa, da gonar masakwa a rani, da dogayen ɗakunan laka na ƙabilar Musgum a garin Pus, waɗanda masu iya gina su ke raguwa.

Ina da roƙo ɗaya ga yaran unguwarmu. Zauren maƙwabcinmu yana nan tsaye, kuma magini ɗaya ne ya yi shi da namu. Ku nemi izinin maigidan, ku zauna a gabansa da hantsi, ku zana mini ƙofar, ku ƙirga azarar, ku aiko mini.

Wassalam, naku ɗan'uwanku a Clermont-Ferrand.