Kwalbatin da na zana ban taɓa ganinsa ba

Ranar Alhamis na miƙa makullin ofis, bayan shekara shida ina zana wa Sakkwato taswirar inda ruwa zai ci. An ce in bar wa masu zuwa 'yar takarda. To ga ta nan, wanda ya ji zafi ya yi haƙuri.

Duk wanda ya shigo aikin nan, da tsoron Gulbin Rima yake shigowa. Ba mu manta Satumbar 2010 ba, da ruwa ya taho daga wajen Goronyo ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sai da kwalekwale ake tsallakawa. Shi ya sa hankalina ya tattara kan fadama: in an buɗe dam ɗin Goronyo, awa nawa ruwa zai iso, wane ƙauye zai fara taɓawa. A nan HEC-RAS, manhajar kwamfuta mai lissafa tafiyar ruwa, ta yi mini aiki, ba ni da ƙorafi.

Cikin gari ne na ci ƙasa. Bayanan tudu da kwari da muke ɗora lissafi a kansu na SRTM ne, waɗanda aka ɗauko daga sararin samaniya tun shekarar 2000, kuma kowane ɗigo a ciki fili ne mai mita 30 ta kowane gefe. Kwalbati mai faɗin mita ɗaya ina zai fito a nan? Balle cikon da magina suka yi daga baya. Na rubuta neman mota da mai na mako biyu, mu bi magudanan da ƙafa. Oga ya ce, “Injiniya, ba ga zanen 'yan kwangila nan ba? Sa abin da ke takarda.” Na ce, “To, yallaɓai.” Wannan “to” ɗin har gobe tana ci mini rai.

Na sa kowane kwalbati a buɗe fayau, kamar ranar da aka gama shi. Wata unguwa ta kudancin gari ta fito kore shar, wato babu haɗari. Rahoto ya fita da sunan oga a bango, aka tafa.

Agusta na zuwa aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gulbi ko gezau bai yi ba, amma unguwar nan ruwa ya kai gwiwa cikin ɗakuna, katangun ƙasa suka zube. Da na je, na tarar da kwalbatin nawa cike da rairayi da leda, an kuma gina shago a bakinsa. Wani dattijo yana shanya tabarmi ya dubi takardar hannuna ya ce, “Ɗana, wanga wuri hanyar ruwa ta tun muna yara. Mi ya hana ku tambaya?” Na ce, “Baba, ku yi haƙuri.” Ba ni da abin da zan ƙara.

A taron da aka kira, rahoton da jiya yake na oga ya koma nawa ni kaɗai. Takardar neman motar kuwa aka ce ba a ganta a fayil ba. Daga ranar ban sake miƙa takarda ba sai na ɗauki hotonta da hatimin karɓa a jiki, kuma ina ba ƙannena shawara su yi haka, ko da ogan nasu waliyyi ne.

Sauran kaɗan ne. Hasashen shekara na NIHSA, hukumar lura da ruwa ta ƙasa, da NiMet, hukumar hasashen yanayi, yana nuna jiha da ƙaramar hukuma, ba ya sanin layinku. Jimillar ruwan damina ba ta cika rushe gida ba, na awa ɗaya ne ke yin ɓarna, don haka ma'aunin ruwan sama da ake karantawa sau ɗaya a yini yana ɓoye abin da kake nema. A gwada lissafi sau biyu, kwalbati a buɗe da kuma a toshe. Alamar laka a bango a auna ta kafin a yi yaɓe.

Shekara biyun ƙarshe da babur ɗina da man aljihuna na bi magudanan Mabera da Tudun Wada, ina rubuta faɗin kowane kwalbati da yawan dattin cikinsa. Littafin yana aljihun tebur na ƙasa, mai baƙin bango. Na rubuta sunana a kowane shafi, da biro.