Manhajar hira da na haɗa wa tsofaffi masu cutar mantuwa a Katsina

A Turai da Japan akwai gidaje na musamman da ake kula da tsofaffin da cutar mantuwa ta kama, kuma akwai na'urorin taimaka musu da ake ƙirƙira don waɗannan gidajen. Mu nan Katsina tsohuwa a ɗakinta take, cikin 'ya'ya da jikoki. Ci da sha ba ta rasa ba, hira ce ta yanke. Mai zuwa gaisuwa zai durƙusa ya ce, "Hajiya, kin gane ni?" Ta zuba masa ido, shi kuma ya ajiye ɗan abin goro ya fita. Wasu su ce gigin tsufa ne, wasu har su jawo zancen maita, alhali ciwon ƙwaƙwalwa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da shi, kuma fiye da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, irin namu.

Sana'ata haɗa manhajar waya, kakata ta wajen uwa kuma tana cikin wannan hali can wajen Ƙofar Marusa. Da na shiga bincike sai na ci karo da CIRCA, wani allo na taɓawa da masana a jami'o'in Dundee da St Andrews na Sikotilan suka haɗa a farkon shekarun 2000. Sun lura hoton dangi kan koma jarrabawa, in tsoho ya kasa faɗin suna sai ransa ya ɓaci. Shi ya sa suka dogara da hotuna da sautukan zamanin da, waɗanda ba a cewa ka ci ko ka faɗi.

Wannan hanyar na bi. Na zuba Hasumiyar Gobarau, hawan Sallah a Ƙofar Soro, Sarki Usman Nagogo wanda ya yi mulki daga 1944 zuwa 1981, sai sule da sisi da kwabo mai huda da ake kashewa kafin zuwan naira a 1973. Amma kayan aikin hannu sun fi kome tasiri. Ranar da hoton mazari ya fito, kakata ta ɗora hannu a cinya ta fara murzawa. Ta kalle ni ta ce, "Kai maigida, ina allin? Ba a kaɗi hannu ba alli." Daga nan ta ɓarke da labarin abawa da masaƙan da ke zuwa sayen zare, har shayinta ya huce. Sunana bai zo mata ba, wasan jika dai yana nan.

Tsarin ba wani abin a zo a gani ba ne. Hoto uku manya a allo, babu shiga da lambar sirri, babu buƙatar intanet saboda tsadar data da rashin wuta. Launi ya fito rangaɗau don tsofaffi da yawa suna da yanar ido. Rubutun da ke ƙasan hoto na mai ziyara ne, yana nuna masa abin da zai ce: maimakon "kin tuna?", ya ce "Hajiya, koya mini yadda ake yin wannan." Da wannan kaɗai, ita ta koma malama.

Da maƙwabta suka fara ara, na ƙara gane wasu abubuwa. Sauti ya fi hoto shiga: gajerun surori, waƙoƙin gaɗa da na niƙa, sukan bi su tiryan-tiryan ko da sun manta abin da suka ci da safe. Kiran bidiyo kuwa rikita wasu yake, wani dattijo juya wayar ya riƙa yi yana neman ɗansa a baya. Da hantsi ake samun kansu, daga la'asar sakaliya zuwa magariba ruɗewar kan ƙaru, gara a bar su su huta.

Na ƙi sa maɓallin ɗaukar bidiyo duk da an roƙe ni. Tsohuwar da ba ta iya cewa e ko a'a ba, bai kamata a wayi gari a gan ta a TikTok ba.

Abin da ya rage mini shi ne mai zama. Matar ɗa da aiki ya sha kanta ba ta da wannan sukuni, don haka jikoki 'yan sakandare nake koya wa, su zauna bayan sun taso daga Islamiyya ranar Asabar da Lahadi. Wani gida a Daura sun nema, yanzu hotunan Kusugu da hawan Sallar Gani nake tarawa.