Harsashin da na saya ba na bindigata ba ne

Shekarata ta uku a Kolombus ta jihar Ohayo a Amurka aka fara ja na farauta, kafin nan rayuwata ba ta wuce sito da gida da masallacin Juma'a ba. Akwai wani dattijon Bature da muke lodin kaya tare, Baba nake ce masa har ya saba yana amsawa, shi ne ya ga hoton baffana a wayata riƙe da bindigar toka ya ce wane ne wannan, na ce ƙanin mahaifina ne maharbi, a gidansa na tashi. Kawai sai ya ce to bana za mu je gonar ɗan'uwansa harbin barewa. Na ɗauka irin gayyatar nan ce ta fatar baki, ashe da gaske yake.

Nan ba kamar gida ba ne da za ka saɓa bindiga ka nausa daji. Sai da na yi kwas na maharba na ci jarrabawa, na sayi lasisi da takardar izinin barewa daban, na sayi riga mai ruwan lemo wadda dole ne ka saka don kar wani ya ɗauke ka nama. Babban lokacin harbi da bindiga ma mako guda ne, yana farawa Litinin ɗin da ke bin bikin godiyarsu na cin talotalo a ƙarshen Nuwamba, kuma harsashi 3 kacal doka ta yarda su zauna a cikin bindiga. Da yake ina da girin kad, wato takardar zama ta dindindin, ban sha wahalar sayen bindiga ba, na cike fom aka bincika sunana, na ɗauki irin wadda suke kira shotgan, Mossberg 500 ta hannu, geji 12 (geji shi ne ma'aunin faɗin bututu), Baba ne ya zaɓa min ita saboda bututunta mai tsagi ne a ciki, tsagin ya murɗe kamar igiya tun daga gindi har baki.

To a nan fa na yi wautar. Na je shago ni kaɗai sayen harsashi don kar a ce komai sai an riƙe min hannu, na ga kwali an rubuta kalmar nan tasu ta tsagi a jiki, ga shi da araha, na ce shikenan bindiga mai tsagi harsashi mai tsagi, na kwashi kwali 4. Ranar Asabar muka je filin gwaji, harbi biyun farko a yadi 50 ba laifi, daga nan abu ya fara watsewa, wannan sama wannan hagu kamar na rufe ido. Baba ya ɗauki kwalin ya duba ya fashe da dariya har da tari, ya karɓi bindigar ya cire bututun ya ɗaga wa rana ya ce leƙa. Wallahi duk tsagin ya cike da dalma.

Abin da ya fahimtar da ni ke nan a bayan motarsa muna shan kofi. Ita shotgan asali bututunta sumul ne, ta watsa ƙananan ƙwayoyi ce ga tsuntsu da zomo. A can baya da jihohi irin Ohayo suka hana harbin barewa da raifil, bindigar nan mai cin dogon zango, saboda ƙasar shimfiɗe take ga gidaje da gonaki kusa-kusa, sai maharba suka koma ga dunƙulen dalma guda ɗaya da ake kira silog. Wanda na saya samfurin Foster ne, sunan wanda ya ƙirƙiro shi a 1931, bayansa rami ne nauyin duk yana kai, shi ya sa yake tafiya a miƙe ko ba a juya shi ba, irin yadda kibiya take yi. Ƴan tsagogin da ke jikinsa su ne suka yaudare ni, amfaninsu shi ne ya iya matsewa ya wuce ta ƙuntataccen bakin bututu mai sumul. Wato harsashi mai tsagi na bindiga marar tsagi ne. Wanda ya raɗa sunan nan bai kyauta wa baƙo ba gaskiya.

Na ce to ni wanne ne nawa, ya ce sabo. Na yi sororo, na ce a raina yaushe Baba ya fara jin Hausa, ai wanda na saya ma sabo ne dal. Ashe kalmar Faransanci ce, takalmin katako take nufi. Harsashi ne siriri da bai cika bututun ba, an sanya masa rigar roba, robar ce take kama tsagin ta juya shi kamar katantanwa, yana fita daga baki rigar ta yaye ta faɗi shi kuma ya wuce yana juyi. Dalma ba ta taɓa bututun ko kaɗan. Foster ya wuce yadi 75 zuwa 100 ya fara sarewa, sabo kuwa a hannun gwani yana kai yadi 150. In ka saka sabo a bututu mai sumul kuma asarar kuɗi ce, babu abin da zai juya shi, zai yi ta wuntsila ya bugi takarda a karkace. Ƙananan ƙwayoyi a bututu mai tsagi su ma ɓata lokaci ne, juyin yana watsa su gefe-gefe ya bar tsakiya wayam.

Maganar bugu a karkace ta tsaya min a rai, don na tuna hadisin Adiyyu ɗan Hatim da aka karantar da mu, abin da makami ya huda a ci, wanda ya buge da faɗinsa kar a ci. Na tambayi limaminmu ya ce harsashi hudawa yake, in yi bismilla lokacin danna kunama, in na tarar da ita da sauran rai in yanka. Na gaya wa Baba tun kafin ranar don kar ya ga na zaro wuƙa ina addu'a ya tsorata, ya ce barewarka ce yi yadda addininka ya ce.

Tsadar ce ta kusa sa ni kuka. Guda 5 ne a kwali, kuɗinsa ya ninka na Foster fiye da sau biyu, kuma Baba ya dage sai na sayi kamfani uku, Hornady da Remington da Federal, wai kowane bututu da irin wanda yake so ko da masana'anta ɗaya ta ƙera su. Na yi musu, amma da muka goge dalmar nan da burushi, aikin kusan awa guda, muka gwada sai ga shi ɗaya yana tara harbi uku a wurin da tafin hannu zai rufe a yadi 100, sauran biyun suna buɗewa. Ya kuma nuna min rubutun jikin bututu, geji da tsawon kwanso, tawa tana ɗaukar inci 2¾ da inci 3, ya ce wadda aka rubuta 2¾ kaɗai kar ka kuskura ka cusa mata na 3. Na gwada na inci 3 sau ɗaya, shurin da ya yi min a kafaɗa kwana biyu ina jin sa wajen ɗaga kwali a sito, na koma gajeren. Maman yara da ta ga rasit cewa ta yi da kuɗin nan ai da rago muka saya a shagon Somaliyawa, ban ce komai ba don ta fi ni gaskiya.

A rana ta uku ta farautar na samu barewa mace guda a bakin gonar masara da aka girbe, sanyi kamar zai cire yatsu, harbi ɗaya, na yi mata rajista ta waya kamar yadda doka ta ce. Da daddare na kira gida ta WhatsApp ina ta yi wa Baffa bayanin rigar roba da juyi, ya saurara har na gama ya ce, "Kai yaro, ba tsumman da muke naɗe ƙwaya da shi kafin mu ɗura ba ne suka mayar na roba suke sayar muku?" Na ce kusan haka ne Baffa. Ya ce to in za ka zo ka taho min da rigar lemon nan, ita ce ta burge ni.

Kwali ukun Foster da suka rage na ba Baba, tsohuwar bindigarsa mai sumul ce.