Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kwaɗon da Na Sa da Hannuna

Makon jiya na tsaya ne a inda 'yan sashenmu suka ɗaga hannu suka ce ni zan riƙa wakiltarsu a ƙungiyarmu ta ma'aikatan jami'a da ba malamai ba. Ban nemi kujerar ba. Mai riƙe da ita ya yi ritaya, aka duba ofishin magatakarda kaf aka ga ni ne mai bakin magana, kuma har lokacin ban taɓa cin kuɗin adashin kowa ba. Na ɗauka aikin bai wuce karɓar kuɗin gudummawar suna da ta'aziyya ba. Ashe wuya tana gaba.

Ranar 14 ga Fabrairun 2022 ASUU, ƙungiyar malaman jami'a, ta tafi yajin aiki. Cikin 'yan makonni ɗakunan kwanan ɗalibai suka zama kufai, masu shayi da masu hoton takardu na bakin get suka naɗe kayansu. Mu dai muna zuwa ofis muna zaman kashe wando. Sai ranar 28 ga Maris ƙungiyoyinmu biyu, SSANU ta manyan ma'aikata da tamu NASU, suka shiga nasu yajin a ƙarƙashin kwamitin haɗin gwiwa. Da farko na gargaɗi ne, na mako biyu. Aka yi ta ƙara masa wa'adi har ya koma kamar na sai baba ta gani.

A gari babu wanda ya san da mu. Surukata ta aiko a kira ni, bayan mun gaisa ta ce, "Malam, ku 'yan ASUU ba za ku ji tsoron Allah ku koma ku koyar da yaran mutane ba?" Na ce, "Inna, ni ban taɓa riƙe alli ba, fayil nake ɗauka." Na yi mata bayanin cewa ƙungiya huɗu ce a jami'a: ta malamai, ta manyan ma'aikata, tamu ta NASU, da NAAT ta masu kula da ɗakunan gwaje-gwaje. Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, "To, duk dai ku ne." Na sunkuyar da kai. Ina ma duk mu ne. Da ta san cewa a ƙarshen 2020, da aka fitar da naira biliyan 40 na alawus, kashi 75 cikin 100 malamai aka ware wa, mu ƙungiya uku aka ce mu raba 25, da ta gane me ya sa ko a layin masallaci wani lokaci gaisuwarmu da su ta fatar baki ce.

Ranar kwangires, wato babban taron 'yan ƙungiya, ɗakin taro ya cika har waje. Ciyaman ya jero ƙorafe-ƙorafen da kowa ya haddace: yarjejeniyarmu da gwamnati ta 2009 da ba a sake zama a kanta an kammala ba, ariyas, makomar malaman firamaren ma'aikata, da rikicin tsarin biyan albashi na IPPIS. Wannan na ƙarshen yana mana ciwo ta wata fuska, domin mu ne muka yarda muka shiga tun farko lokacin da malamai suka turje, daga baya kuma shugabanninmu suka dawo suna neman a karɓi namu tsarin, U3PS. Da ya gama ya ce yajin nan babu sassauci. Ba ofis, ba ruwa, ba wuta, ba asibiti. Ɗaki ya ɗauki ihu. Ni ma na yi, har da buga tebur. A nan aka karanta sunayen 'yan kwamitin sa ido, nawa na huɗu.

Aikinmu zagaye. Mu bakwai a tsohuwar bas ɗin ƙungiya, da buhun kwaɗuna da sarƙa. Duk ofishin da muka samu a buɗe mu fito da mai shi cikin girma da arziki, mu garƙame. Ba zan ɓoye ba, kwanakin farko na ji daɗin abin. Ni da shekara goma sha ina miƙewa tsaye in oga ya shigo, yau ni ke ce masa, "Ranka ya daɗe, a taimaka a fito." Ƙaramin ma'aikaci in ya samu irin wannan rana sai ya yi da gaske kafin ya riƙe kansa.

Asibitin jami'a ne wurin da hannuna ya yi nauyi. Sistar da muka tarar 'yar ƙungiya ce, ba ta yi gardama ba. Ta dai ce, "Kwamared, masu hawan jini da masu ciwon suga fa a nan suke karɓar maganinsu duk wata." Wani a cikinmu ya ce su je gari. Ta ɗauki jakarta ta fita. Kwaɗon yana hannuna, ni na datse shi.

Wanda bai yi aikin gwamnati ba ba zai gane nauyin maganarta ba. A inshorar lafiya ta ma'aikata, kai da matarka da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani kawai kake biya, amma a asibitin da ka yi rajista. Mu kusan duka a nan muka yi. Maganin da kake karɓa da kuɗin cefanen yini, in ka je kemis sai ya ci na mako.

Bayan kamar kwana goma aka kawo mana tsegumi cewa ana ganin ruwa a famfunan kwatas da asuba. Aka ce in je in gano. Na yi sallah na hau babur na nufi wajen babban tanki, tun daga nesa nake jin ƙugin inji. Na san wanda zan tarar. Baba ne na sashen ayyuka, wanda tun kafin a ɗauke ni aiki shi ke kula da burtsatse, saura masa shekara ɗaya da 'yan watanni ya cika 65 ya ajiye. Yana zaune kan bulo da carbi da tocila.

Na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Baba, ka san an hana."

Ya ce, "Na sani, ɗan nan. Ina wurin aka yi ihun."

"To, ya aka yi haka?"

"Ministan da kuke faɗa da shi a kwatas ɗin nan yake shan ruwa? Azumi ake. Jiya na ga matar wani direba da cikinta ya tsufa tana jan jarka daga bayan katanga. Awa ɗaya nake kunnawa in kashe. In za ka rubuta ni, rubuta, ga sunana ka sani."

Na daɗe a tsugune. A ƙa'ida gaskiyar ƙungiya ce. Yajin da ba ya cizo ba yaji ba ne, kuma in kowa ya buɗe tasa 'yar ƙofar saboda tausayi, a banza aka sha wuya. Har yau ina kan wannan ra'ayi. Amma ban rubuta shi ba. Na koma na ce wa kwamiti ragowar ruwan tanki ne ke tsiyaya. Ƙaryar da na fara yi a matsayin wakili ke nan, kuma da azumi a bakina.

Sai albashi ya tsaya. Gwamnati ta ce ba aiki, ba biya, ta riƙe mana na wata huɗu. Wata ya mutu, kowa na duba waya, babu alat. Kwafaretib ta daina ba da bashi, tunda daga albashi take cirewa. Mai shagon unguwarmu ya rufe littafinsa, ban kuma ga laifinsa ba. Na fara kabu-kabu da babur ɗina bayan magariba, ina naɗe fuska da rawani kada ɗalibin da na taɓa sa wa hannu a takarda ya gane ni. Babbar sallah ta zo ranar 9 ga Yuli, a layinmu na kwatas gida biyu kacal aka ga hayaƙin babbaka. Uwargida ta sayar da keken ɗinkinta ba ta gaya mini ba, sai da na ga wurin fayau. Na tambaya, ta ce, "Malam, ci abincinka."

Wayata kuwa ba ta hutawa. Duk wanda aka koro ɗansa daga makaranta, duk wanda mai gidan haya ya ba wa notis, ni yake kira, kamar ni na riƙe kuɗin. Masu shara 'yan kwangila da aka sallama tun da ɗalibai suka tafi, su ko kiran ma ba su da hurumin yi, domin ba 'yan ƙungiya ba ne. Mu muna sa ran wata rana a biya mu, su babu ma abin da za su jira.

Kwana uku bayan sallah, wajen ƙarfe biyun dare, aka buga mini ƙofa. Ƙaramin ɗan Baba ne, ba ko takalmi. Ya ce Baba ya faɗi a banɗaki, bakinsa ya karkace, ba ya magana. Muka samu wani maƙwabci mai mota. A hanya matarsa ke gaya mini wata biyu ke nan rabonsa da maganin hawan jini. Da farko yana saye a kemis, sai ya koma raba ƙwaya biyu, da kuɗi suka ƙare ya koma jiƙa tafarnuwa da zoɓo. Ta ce, "Ya hana in gaya wa kowa." Hanyar fita get ta gaban asibitin jami'a ta bi. Fitilar mota ta haska ƙofar, ga kwaɗona nan, har ya fara tsatsa saboda damina. Ba wanda ya ce komai. Ita ba ta san ni na sa ba. Baba ya sani, kansa kuma yana kan cinyata.

A babban asibitin gari aka karɓe shi, aka rubuto allurai da hoton kai. Abin da ke aljihunmu mu uku bai kai rabin kuɗin ba. Na bar babur ɗina jingina a wurin wani mai kemis da ya san ni, aka fara abin da ya samu.

Gari na wayewa na tafi gidan Ciyaman a ƙafa. Buƙata biyu na tafi da su: a taɓa asusun walwala a biya wa Baba, kuma a buɗe asibiti ko da ɗakin magani ne kaɗai, kwana biyu a mako. Na same shi a zaure yana shan koko ba ƙosai, shi ma ya rame. Ya saurare ni har na kai aya. Sannan ya ajiye kofin, ya jawo wata takarda daga ƙarƙashin tabarma ya miƙo mini.

"Kafin mu zo kan asibiti, Kwamared," in ji shi, "karanta wannan. Mutum uku suka sa hannu. Sun ce kai ka san wanda ke kunna ruwa."

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.