Abin da ke sa jinin dabba ya ragu ko da tana ci

Makiyayan Tawa sukan buɗe fatar idon saniya, idan sun ga ta yi fari, alamar ƙarancin jini, su nemi allurar sinadarin ƙarfe, amma a ganina wannan gaggawa ce. Ƙoda ce ke fitar da wani sinadari mai suna eritropoyetin idan oksijin ya yi ƙaranci, shi kuma ya umarci ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Hanta kuwa tana fitar da wani sinadari mai suna hepsidin, wanda ke hana ƙarfe fitowa daga hanji da saifa. Idan cuta ta daɗe a jiki, hepsidin yakan ƙaru, ƙarfen ya kulle, ɓargo ya rasa ƙarfen da zai ƙera jini da shi. Saboda haka ya kamata likitan dabbobi ya fara gano cutar tukuna.